Bande: yadda kuɗin kaka zai kai iyali wata kakar, har a bar wa ƴaƴa abin gado

A ƙaramar hukumar Bande, cikin gundumar Magarya a kudancin jihar Damagaram, yawancin magidanta sau ɗaya a shekara suke riƙe kuɗi masu kauri, wato da kaka, daga watan Oktoba zuwa Disamba, lokacin da hatsi da wake da gyaɗa da riɗi suka shigo gida. Buƙatun gida kuwa suna nan wata goma sha biyu: cefane, magani, kuɗin makaranta, suna da biki da gaisuwar mutuwa. Haka abin yake a Waca da Ɗan Ciyawo, haka yake a maƙwabciyar gundumar Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011. Tsakanin ranar da kuɗi suka shigo da ranar da aka fi buƙatarsu ne dukiyar gidaje da yawa ke zurarewa. Wannan bayani ya duba inda take zurarewa, da hanyoyin da ke akwai a yankin na toshe ɓarakar, da abin da doka ta tanadar wa mai ajiya da mai cin bashi.

Lissafin farko: buhu nawa gidan ke ci?

Kafin a yi maganar ajiya, sai magidanci ya san abin da gidansa ke ci a shekara. Ma'aikatan gona na ƙasa, idan suna lissafin abincin da aka noma bayan damina, suna ware wa kowane mutum wajen kilo 230 na hatsi a shekara. Gida mai mutum takwas ke nan yana buƙatar kilo 1.840, kusan buhu goma sha takwas da rabi na kilo ɗari. Tun da buhu yana cin tiya arba'in, kowa na iya mayar da dammunansa zuwa tiya ya ga wata nawa rumbunsa zai kai shi.

Amfanin wannan lissafi shi ne ya raba hatsin ci da hatsin sayarwa tun ranar da aka ɗaure dami. Wanda ya noma buhu goma sha biyu alhali gidansa na buƙatar goma sha takwas ba shi da rarar hatsi ko tiya ɗaya, ko da rumbu ya cika a ido. Duk abin da ya kai kasuwa a Nuwamba zai dawo ya saye shi a Yuli da tsada. Irin wannan magidanci, kuɗin buƙatunsa ya kamata su fito daga wake da gyaɗa da riɗi, ko daga raken fadamar Korama da rogo da kayan lambu, ko daga cin rani, a bar hatsi a rumbu.

Bayan abinci sai a jera sauran buƙatun da aka san lokacinsu: komawa makaranta a Oktoba, azumi da sallar azumi, ragon layya, iri da taki da kuɗin ƴan ƙwadago a farkon damina. Akwai kuma wadda ba ta da rana amma kowa ya san watanninta: daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kwantar da yara, shi ya sa ɓangaren yara na asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki tun 2005, ke cika a wannan lokaci. Gwamnati ta ce tun 2006 kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma kuɗin mota ko na babur, da abincin mai jinya, da ranakun noman da aka rasa, duk daga aljihun iyali suke fita. Gidan da bai ware komai don wannan ba, akuya ko gona ce ke biya.

Tazarar farashi tsakanin kaka da damina

Hukumar SIMA, mai bin farashin kayan gona a kasuwannin ƙasar, tana nuna abu ɗaya kusan kowace shekara: farashi na faɗuwa da kaka saboda kowa ya kawo kaya lokaci guda, sannan ya riƙa hawa har tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka ƙare. A 2005 wannan tazara ta yi muni, har iyalai da dama a Damagaram da Maraɗi suka sayar da dabbobi da gonaki don sayen hatsin da suka rabu da shi da araha watanni kaɗan kafin nan. Ribar wannan tazara tana zuwa ne ga mai halin jira. Tambayar ita ce yadda ƙaramin manomi zai samu halin jiran.

Hanya ta farko ita ce jinginar da amfanin gona, abin da aka fi sani da warantaj. Wani shiri na hukumar FAO ne ya yaɗa shi a Nijar daga 1999. Ƙungiyar manoma takan tara buhunanta a magaza guda, a rufe da kwaɗo biyu: mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da zai ba da bashi. Asusun ya ba kowa wani kaso na darajar kayansa bisa farashin kaka. Da wannan kuɗi mutum zai biya buƙatunsa, ko ya yi kiwon turke, ko lambu, ko ƙaramar sana'a. Bayan wata biyar ko shida ya biya bashin, a buɗe magaza, ya ɗauki kayansa lokacin da suka yi daraja.

Ga misali da alƙaluman kwatance. Manomi ya kai buhu goma na wake lokacin da buhu ke jika 20, kayansa na jika 200 ke nan. An ba shi bashin jika 150 na wata shida, da ruwa kashi 2 cikin ɗari a wata, wato jika 18, ga kuɗin magaza jika 5. Idan buhu ya kai jika 30 a watan Mayu, kayansa sun zama na jika 300. Ƙarin jika 100 ne, a cire jika 23, saura jika 77 da da sun tafi aljihun wani. Sai dai akwai shekarun da farashi ba ya hawa yadda aka sa rai, musamman idan an rufe iyaka ko gwamnati ta hana fitar da abinci waje, kamar yadda ta yi a Oktoban 2024. A irin wannan shekara ruwan bashin yana nan sai an biya. Don haka bai kamata mutum ya kai duk abin da ya mallaka magaza ba, kuma dole kuɗin da ya karɓa su shiga abin da zai dawo da su.

Hanya ta biyu ta shafi ƙwari. Abin da ke sa mutane gaggawar sayar da wake shi ne tsoron kada ya huje. Buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro kuma aka fara yaɗa shi a Nijar wajen 2008, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Sharaɗinsa wake ya bushe sarai, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera. Idan bai huje ba ana iya sake amfani da shi shekara ta gaba. Ga hatsi kuma akwai rumbun tsimi na gari, inda ake saye da kaka a sayar wa mutanen gari da rahusa a tsakiyar damina. Waɗanda suka ɗore su ne waɗanda ake karanta lissafinsu a bainar jama'a, kuma ba a ba da hatsi bashi saboda kunya.

Aljihu ɗaya, kuɗi iri biyu

Mutumin Bande ko na Dungas yana ciniki da sefa da naira a rana ɗaya. Dabbobinsa suna zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ɗansa yana cin rani a Kano ko Legas, kayan shagonsa ta Babban Mutum ko Daura suke shigowa. Wannan dama ce, amma tana da haɗarinta, kuma shekarun baya-bayan nan sun nuna shi.

A Oktoban 2022 babban bankin Najeriya ya ba da sanarwar canja takardun naira 200 da 500 da 1.000. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, mutanen bakin iyaka da ke da tsofaffin takardu a akwati, ba su da asusu a bankin Najeriya, suka shiga neman mai karɓa ko da a kan asara. A watan Yunin wannan shekara aka saki farashin naira. Dalar Amurka ɗaya da ke wajen naira 460 a farashin hukuma, wajen 750 a hannun ƴan canji, ta wuce naira 1.500 a farkon 2024. Wanda ya ajiye naira a gida ya rasa aƙalla rabin ƙarfinta cikin ƙasa da shekara guda, bai kashe ko sisi ba.

Sefa kuwa tana ɗaure da kuɗin Turai: tun 1999 yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato ɗan ƙasa da sefa 656. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma tana cikin ƙungiyar UEMOA mai amfani da sefa. Wannan bai sa sefa ta zama abin da ba ya taɓuwa ba: dattawa na tuna ranar 12 ga Janairun 1994, da aka wayi gari an raba darajarta biyu. Abin da za a ɗauka a nan shi ne, naira kuɗin juyawa ne ga mai ciniki da Najeriya, a riƙe gwargwadon sarin mako ko na wata. Abin da za a ajiye na dogon lokaci, a canja shi zuwa sefa ko a mai da shi kadara.

Ita ma iyakar ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 saboda takunkumin CEDEAO, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Mai sana'ar da ta dogara kacokan a kan tsallaka iyaka yana buƙatar ajiyar da za ta riƙe gidansa wasu watanni, da wata hanyar samu ta cikin gida.

Adashi, asusu da Mata Masu Dubara

Adashi tsohuwar hanya ce ta tilasta wa kai ajiya: kowa ya zuba, mutum ɗaya ya kwashe bi da bi. Yana da kyau wajen tara kuɗin sayen abu guda, kamar akuya ko keken ɗinki. Rauninsa biyu ne. Kwasa ba ta zuwa ranar da ciwo ya zo, kuma idan uwar adashi ta samu matsala, kowa ya shiga ciki.

Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan karkarar Maraɗi a 1991, an gina shi ne don gyara waɗannan. Mata ashirin zuwa talatin suna haɗuwa kowane mako, su zuba a akwati mai kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai buƙata ta ari kuɗi ta mayar da ɗan ƙari, kuma ƙarin na ƙungiya ne, za a raba shi a ƙarshen zagaye. Akwai kuma ƙaramin asusu daban na taimakon gaggawa. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Dala ɗari a mako, wato sefa 500, jika 26 ne a shekara. Mata 25 sun tara jika 650 ke nan, ban da ribar juyawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ranar rabo. Ƙungiyar da ta sa rabonta gab da salla, kuɗin a tufafi za su ƙare. Wadda ta sa shi da kaka za ta sayi gyaɗa da araha, mambobinta su yi ta mai da ƙuli-ƙuli har bazara. Wadda ta sa shi a watan Mayu ko Yuni ta sama wa mata iri da taki don gamanarsu. Ƙungiyoyin da ke guje wa ƙarin da ake ɗora wa bashi saboda addini suna iya sayen kaya da kuɗin asusu su sayar wa mamba da riba sananniya, ko su yi jari tare a raba abin da aka samu.

Banki, ƙananan asusu da wayar salula

Mutane da yawa ba su yarda da banki ba, kuma suna da dalili. Waɗanda suka ga rushewar bankin BDRN a 1990 ba su manta ba, haka waɗanda kuɗinsu suka maƙale a wasu ƙananan asusun ajiya da bashi daga baya. Amma akwai abubuwa uku da doka ta tanada waɗanda ya kamata kowa ya sani.

Na farko, ƙasashen UEMOA sun kafa asusun lamunin ajiya a 2014. Idan bankin da ke cikin tsarin ya rushe, ana biyan kowane mai ajiya har miliyan 1 da jika 400. Idan ƙaramin asusu ne da ke cikin tsarin, iyakar jika 300 ce. Mai kuɗin da suka wuce haka yana iya raba su wuri biyu. Na biyu, littafin ajiya na banki yana ba da ribar kashi 3,5 cikin ɗari a shekara: jika 100 ta haifi sefa 3.500. Wannan ba ya sa mutum arziki, a shekarar tsada ma bai kai hauhawar farashi ba. Amfaninsa shi ne kuɗi sun tsira daga gobara da gara da ɓarawo, da kuma roƙon da ba a iya cewa a'a. Na uku, duk asusun da ke karɓar ajiyar jama'a sai da izinin ma'aikatar kuɗi, kuma hukumar ARSM ce ke sa ido a kansu. Mai ajiya na da ikon ya ce a nuna masa takardar izinin kafin ya zuba ko dala.

Ga wanda ruwan banki ke damunsa, akwai Bankin Musulunci na Nijar, BIN, mai reshe a Damagaram, wanda ke aiki da tsarin saye da sayarwa da riba sananniya. Ga manoma akwai bankin BAGRI, da asusun FISAN da aka kafa a 2017, wanda ke haɗa tallafi da bashi da gudummawar mai aikin.

Wayar salula ta rage nisa. Da Airtel Money, Moov Money ko Zamani Cash, da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza, ɗan cin rani na iya turo kuɗi a ranar da ya same su. Shawara a nan ita ce a yi yarjejeniya tun kafin tafiya: kaso nawa na cefane, kaso nawa na sayen dabba ko fansar gona. Lambar sirri kuma ba a faɗa wa kowa, ko da wanda ya kira ya ce daga kamfani yake.

Farashin bashi

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin dubawa shi ne farashinsa da abin da aka yi da shi. Tun 2014 dokar UEMOA ta hana ƙananan asusu ɗora ruwan da ya wuce kashi 24 cikin ɗari a shekara, idan an haɗa da duk wasu kuɗaɗen takarda. A wannan iyaka, jika 10 na wata uku sefa 600 ne ruwanta. Yanzu a kwatanta da bashin da aka saba a ƙauyuka: a karɓi jika 10 a Yuli, a biya jika 15 ko buhun da ya kai haka a Oktoba. Kashi 50 cikin ɗari ke nan a wata uku, kashi 200 a shekara. Wanda ya shiga wannan sau ɗaya yakan fara kaka da giɓi, giɓin ya sake tura shi wurin mai bashi a damina ta gaba.

Bashin da ke da hujja shi ne wanda abin da aka saya da shi zai biya shi: taki, injin ban ruwa, rago na turke, jarin sana'ar da aka riga aka iya. Bashin biki da na tufafi daga rumbu za a biya su. Kafin sa hannu a kowace takarda, a tambayi jimillar abin da za a mayar da sefa, da ranakun biya, da abin da zai faru idan an yi jinkiri.

Dabba, gona da itace

Dabba ita ce bankin da mutanen yankin suka fi sani. Jar akuyar Maraɗi tana ɗaukar ciki wata biyar kuma tana yawan haifar tagwaye, shi ya sa mace mai akuya biyu ke iya zama mai garke cikin ƴan shekaru. Al'adar habbanaye ta Fulani, a ba mutum aron uwa ya riƙe ƴaƴan da ta haifa ya mayar da ita, hanya ce ta fara kiwo ba da jari ba. Kiwon turke kuma yana da riba ga wanda ya sayi rago da harawa da dusa tun da kaka, ya rubuta duk abin da ya kashe. Amma farashin layya ba shi da tabbas: a 2025, gab da babbar salla, gwamnati ta dakatar da fitar da dabbobi waje, waɗanda suka yi lissafi da kasuwar Najeriya suka sayar a gida. Rigakafin da ma'aikatar kiwo ke yi kyauta kowace shekara shi ne inshora mafi araha da mai garke zai samu.

Gona ita ce babbar kadara, kuma tana ƙara tsada saboda jama'a na ƙaruwa. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram ce ta fi kowace yawan mutane, da wajen miliyan 3 da rabi, kuma kudancinta na cikin wuraren da suka fi cunkoso a ƙasar. Duk rabon gado yana ƙara tsaga gonaki. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa, wato COFO, a matakin gari da ƙaramar hukuma da gunduma. Suna ba da takardar shaidar gado da ta saye da ta kyauta da ta aro da ta haya da ta jingina. Gonar da aka jinginar da baki, bayan shaidu sun rasu, ita ce ke zama shari'a tsakanin jikoki. Mata ma su nemi a rubuta rabonsu na gado da sunansu, domin gonar da aka bari a hannun ɗan'uwa da sunan riƙo takan narke cikin tasa.

Akwai kuma dukiyar da wannan yanki ya yi suna da ita har a ƙasashen waje. Daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Magarya da Matamai da Mirya suka riƙa barin tsiron gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski, abin da ake kira sassaben zamani. Binciken da aka yi a 2006 ya ƙiyasta wajen hekta miliyan ɗaya da ta farfaɗo ta haka a waɗannan gundumomi uku. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa abincin dabbobi ne da rani, rassansa itacen girki. Jari ne da ba ya cin ko dala sai kulawa, kuma ƴaƴa da jikoki ne za su fi cin moriyarsa.

Darasin zamanin gyaɗa

Dattawan Magarya sun ga zamanin da gyaɗa ce kuɗi. Kamfanin SONARA, da aka kafa a 1962, yana saye, masana'antar SEPANI tana aiki a garin Magarya, kasuwannin kaka suna cika. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, suka karya wannan ciniki cikin ƴan shekaru. Gidajen da suka tsaya da ƙafafunsu su ne waɗanda suka mai da kuɗin gyaɗa shanu da gonaki da sana'a da karatun yara. Yau riɗi da wake da rake ne ke kawo kuɗi, kuma kowannensu na iya gamuwa da shekararsa. Gidan da ke da noman damina da lambu da kiwo da wata sana'ar hannu yana da inda zai jingina idan ɗaya ta faɗi.

Biki, zakka da ƴan damfara

Ba wanda zai ce a daina zumunci. Gudummawar biki ma wani irin adashi ne, wanda aka kai wa zai mayar. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka sayar da uwar garke ko aka jinginar da gona don kayan ɗaki da kwana uku na shagali. Iyalin da suka zauna tun da wuri suka yanke abin da za a kashe, suka fara tarawa wata shida kafin ranar, sukan fita ba bashi.

Zakka ita ma tana cikin lissafin shekara. A amfanin gona, idan ya kai nisabi, wajen kilo 650, ɗaya cikin goma ne ga noman ruwan sama, ɗaya cikin ashirin ga noman ban ruwa mai wahala. A kuɗi da kayan ciniki kashi 2,5 cikin ɗari ne idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. A awaki da tumaki tana farawa daga arba'in, a shanu daga talatin. Mai fitar da zakka daidai dole ya ƙirga abin da ya mallaka sau ɗaya a shekara, kuma wannan ƙirga ita ce ke nuna masa ko gaba yake yi ko baya.

Sai masu alƙawarin ninka kuɗi. A Disamban 2016 tsarin MMM, mai alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya rufe asusun mutane a Najeriya, dubban ɗaruruwa suka yi asara. Irinsa na ci gaba da fitowa da sababbin sunaye a WhatsApp da Facebook da TikTok. Alamominsu ba sa canjawa: riba mai yawa da aka ce tabbas ce, matsin lamba a zuba yau, da lada ga wanda ya kawo wasu. Kuɗin sababbin shiga ake ba na farko, ranar da shiga ta ragu sai a rufe.

Ga mai albashi, da matakin farawa

Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya a Bande yana da abin da manomi ba shi da shi, wato kuɗi kowane wata. Haɗarinsa shi ne cin albashi tun bai zo ba. Dabarar da ta fi aiki ita ce a cire ajiya ranar da albashi ya shigo, ko da kashi ɗaya cikin goma ne, a sayi hatsin shekara da kaka, kuma ma'aikacin kamfani ya tabbatar ana zuba masa kuɗin fansho a CNSS. Mai rarar da ba zai taɓa ba na shekaru yana iya sayen takardun bashin gwamnati ko hannun jari a kasuwar BRVM ta Abijan ta hannun dillali mai izini, irin SGI Niger da ke Yamai, da sanin cewa farashin hannun jari yana hawa yana sauka.

Ga kowa, manomi ko ɗan kasuwa ko ma'aikaci, jerin matakan ɗaya ne. A fara da ware abincin shekara. A biya bashin da ya fi tsada. A tara kuɗin gaggawa a inda za a same su cikin yini guda, a asusu ko a waya. Bayan nan a shiga sayen abin da ke haihuwa, dabba ko kayan sana'a, sannan a yi wa gona takarda. Wata biyu na kaka, lokacin da kuɗi ke hannu kuma kaya ke da araha, su ne lokacin yanke waɗannan shawarwari, kuma ya fi kyau maigida da uwargida su zauna su yanke su tare, tun da kowannensu na riƙe da wani ɓangare na lissafin gidan.